Yadda Nake Auna Kiɗan Finafinan Katun

Ka zaɓi fitowa ɗaya wadda ba ta wuce minti biyar ba, ka kalle ta babu sauti. Sai ka rufe ido ka saurari kiɗan shi kaɗai, sannan ka haɗa su biyun.

Ni na fi son a fara da Up, na kamfanin Pixar, 2009. A farko-farkonsa an nuna zaman auren Carl da Ellie cikin kusan minti huɗu, ba wanda ya ce uffan. Kari guda Michael Giacchino, wanda ya tsara kiɗan fim ɗin, ya riƙe. Lokacin amarci yana tafe da walwala, ƙaho da goge na karɓa-karɓa. Da ciwo ya kwantar da Ellie, sai aka bar wa piyano shi a hankali. Kasa kunne nan: karin bai sauya ba, sauri da kayan kiɗa ne suka sauya. Kiɗan fim ɗin ya ci kyautar Oscar.

Daga nan ka koma Spirited Away, 2001, inda yarinyar fim ɗin, Chihiro, ke cikin jirgin ƙasa a kan ruwa. Joe Hisaishi, wanda ya tsara kiɗansa, ba ya bin kowane motsi na hoto, yanayin wurin yake bi, shi ya sa nasa ya fi taɓa ni.

Don Allah kada ka gwada da lasifikar waya, tana cinye sautuka masu kauri.