Kafin ka sa ƙafa a kwale-kwalen yawon Sallah

A Yawuri na tashi, a hannun kawuna ɗan fito. In an gama lodi sai ya durƙusa a gefen kwale-kwale, ya buɗe hannu ya auna daga fuskar ruwa zuwa bakin katako. In bai kai taƙi ɗaya ba, dole wani ya sauka, ko da surukinsa ne. Yanzu a Kano nake, kuma duk Sallah in na ga samari da 'yan mata suna tururuwa dam ɗin Tiga don a zaga da su cikin ruwa, wannan hannun na kawu nake tunowa.

To, kai ma ka yi wannan awon tun kana kan gaɓa. Ba sai ka durƙusa ba, ido ya isa. In jirgin ya nitse har ruwa na lasar bakinsa, ka jira sawu na gaba. Mai jirgi zai ce maka "Shigo Alhaji, akwai wuri", don kai yake ƙirgawa, kowane kai kuɗi ne. Jirgin da ya tarwatse kusa da Wara a ƙaramar hukumar Ngaski cikin Mayun 2021 ya ɗauko fiye da mutum 150, kaɗan ne suka fita da rai. A ƙarshen Nuwamban wannan shekarar, a Bagwai, aƙalla mutum 29 suka rasu, galibinsu 'yan Islamiyya masu zuwa Maulidi. Allah ya jiƙansu. Duk biyun an yi maganar lodin da ya wuce kima.

Sai ka leƙa cikin jirgin. Ɗan ruwa a ƙasa ba komai ba ne, kowane kwale-kwalen katako yana tsatsa. Amma in ka ga yaron jirgi na ta kwarfe ruwa da robar fenti tun ba a tashi ba, ko an cusa tsumma a tsagar katako, ka haƙura. Ka duba ko akwai filafili ko gora, don inji na mutuwa a tsakiyar ruwa.

Rigar kariya kuma ka tambaye ta da bakinka. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa ta wajabta sa ta, amma sau da yawa za ka tarar da su jibge ƙarƙashin benci, ana zama a kai. Ka saka, ka ɗaure igiyoyin duka, sannan ka sa wani ya ja ta sama daga kafaɗa: in ta haye har kunnuwanka, ta yi maka yawa, a cikin ruwa zamewa za ta yi. Yaro a ba shi ta yara. Kuma in kana cikin babbar riga, cire ta ka naɗe. Shadda in ta sha ruwa nannaɗe ƙafa take yi, ko gwanin ninƙaya sai ya ji jiki. Mata su ɗaure mayafi ko dogon hijabi ya tsaya a jiki, kada gefensa ya yi lilo wajen inji.

In an tashi, zauna inda aka zaunar da kai. Nan ne 'yan yawon shaƙatawa suka fi 'yan kasuwa ganganci, domin ɗan kasuwa na zaune kan buhunsa har a isa. Wata Sallah ina cikin jirgi a wani dam da ƙannena, wani saurayi ya miƙe zai ɗauki hoto da waya, abokansa huɗu suka taso gefensa don su fito a ciki. Jirgin ya karkata, ruwa ya kwararo ya cika mini takalma. Sai da matuƙin ya daka tsawa, "Ku zauna, don Allah ku zauna!", sannan ya dawo daidai. Wayar dai tana can ƙasa har yau.

Ka riƙa ɗaga kai kana duban gabas. Da damina, in hadari ya haɗo kuma iska mai sanyi ta fara kaɗawa, ka ce a juya, ko kuɗinka bai ƙare ba. Dare kuwa babu shi a lissafi, NIWA ma ta hana. Tun da aka tare ruwa a Kainji a 1968, itatuwan da tafkin ya shanye suka zama kututturai a ƙarƙashi. Da rana matuƙi na gane su da yadda ruwa ke murɗawa a kansu, da dare sai dai ya ji ƙara. Waɗanda suka rasu a yankin Patigi a Yunin 2023, fiye da mutum 100, daga biki suke dawowa cikin dare.

In ƙaddara ta faɗa jirgi ya kife, kada ka nufi gaɓa da iyo, ta fi yadda kake gani nisa. Kwale-kwalen katako yakan daɗe yana yawo a saman ruwa, ka riƙe shi. Jarka marar komai mai murfi a rufe ma tana ɗaukar mutum. In wani ne ya faɗa, miƙa masa gora ko rawani, ko ka jefa masa jarka. Kada ka yi tsalle ka bi shi in ba a koya maka ceto ba, mai nutsewa shaƙe wuya yake yi, ku tafi tare.

Wanda aka tsamo, a daina danna masa ciki ko a juya shi kai ƙasa wai don ruwa ya fito. In ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine, a ɗaga haɓarsa, a hura masa iska baki da baki, a danna tsakiyar ƙirji sau 30 a hura sau 2, a ci gaba. In ya farfaɗo a kwantar da shi ta gefe, a cire jiƙaƙƙun kaya a lulluɓe shi, sannan a kai shi asibiti ko yana cewa lafiyarsa ƙalau, don ruwan da ya shiga huhu kan tayar da numfashi bayan wasu awanni.