Yadda ake yin allura a ɗuwawu ba tare da an taɓa jijiyar sayatik ba

Duk ma'aikacin lafiyar da zai soka wa mutum allura a ɗuwawu ya wajaba ya san abin da ke kwance ƙarƙashin tsokar da yake nufa, domin ta nan ne jijiyar sayatik take wucewa, ita ce kuma mafi girma cikin jijiyoyin da ke ɗaukar saƙon ji da motsi a jikin ɗan Adam. Tana haɗuwa ne daga rassa 5 da ke fitowa daga laka a ƙasan gadon baya, waɗanda likitoci ke kira L4 zuwa S3, sannan ta fita daga cikin ƙashin ƙugu ta wata babbar kafa, a mafi yawan mutane ta ƙarƙashin wata tsoka da ke can cikin ɗuwawu mai suna firifomis. Faɗinta a wurin yakan kai kusan santimita 2. Daga nan take gangarowa tsakanin ƙashin da mutum ke zama a kansa da kuma ƙashin da ya turo a gefen cinya, ta bi bayan cinya har zuwa saman gwiwa, inda take rabuwa gida biyu: reshe ɗaya yana sarrafa tsokar sha-raɓa da tafin ƙafa, ɗayan kuma shi ke ɗaga ƙafa da yatsunta sama.

Abin lura a nan shi ne tsakiyar ɗuwawu, wato wurin da ya fi taushi kuma ya fi jan hannun wanda bai ƙware ba, yana kan hanyar wannan jijiya ko dab da ita. Saboda haka matakin farko shi ne a kwantar da majinyaci, rubda ciki ko a gefensa, a kuma buɗe wurin sosai. Allurar da ake yi wa mutum a tsaye, ya ɗan zame wando kaɗan saboda kunya, ita ce ke sa mai allura ya yi ta da ƙiyasi, kuma a ganina wannan ɗabi'a ta fi ƙarancin ilimi jawo ɓarna.

Tsohuwar hanyar da aka fi sani ita ce a raba ɗuwawu ɗaya gida huɗu da layi biyu, ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, a yi allurar a kashin sama na waje. Sai dai iyakar sama ba inda tsoka ta fara tudu ba ce, a'a, bakin ƙashin ƙugu ne wanda ake laluba da hannu, kuma wanda ya manta da wannan zai ga duk lissafinsa ya sauko ƙasa, kusa da jijiyar.

Hanyar da ta fi aminci ita ce ta gefen ƙugu. Mai allura zai ɗora tafin hannunsa na dama a kan ƙashin da ya turo a gefen cinyar hagu ta majinyaci, ko hannun hagu a cinyar dama, ya sa yatsansa manuni a kan tsinin ƙashin ƙugu na gaba, sannan ya ware yatsan tsakiya zuwa baya yana bin bakin ƙashin. Tsakanin yatsun biyu, a daidai gaɓoɓinsu na tsakiya, nan ne wurin allurar, kuma ana shigar da ita a miƙe, ba a karkace ba. Tsokar wurin tana da kauri, kitsen da ke rufe ta bai kai na ɗuwawu yawa ba, sayatik kuma tana nesa.

Jarirai da yaran da ba su fara tafiya ba, ba a yi musu allura a ɗuwawu ko kaɗan, domin tsokar ba ta gama ginuwa ba. Wurinsu shi ne tsakiyar cinya ta gaba, ta gefen waje, inda ake yi musu rigakafi, kuma dole a sami mai riƙe yaron da kyau kafin a soka.

Idan majinyaci ya ce ya ji zafi kamar wutar lantarki ta ja shi daga ɗuwawu zuwa ƙafa, sai a zare allurar nan take ba tare da an matsa maganin ba, domin wasu magunguna, irin su kwinin, suna ƙona jijiya ko da ƙarfen bai huda ta ba. Reshen da ke ɗaga ƙafa shi ya fi saurin lalacewa, shi ya sa alamar da aka fi gani ita ce ƙafa ta saki, mutum yana jan yatsunsa a ƙasa ko yana ɗaga gwiwa fiye da kima, tare da mutuwar ji a bayan ƙafa, wato saman da ke kishiyar tafinta. Irin wannan majinyaci sai a tura shi asibiti da wuri, a fara gashin ƙashi da motsa gaɓa, a kuma sa masa abin tallafe ƙafa. Idan yaro ne ɗan ƙasa da shekara 15, a sanar da jami'an sa ido kan cutar shan-inna, domin duk shanyewar ƙafa ta farat ɗaya a wannan shekarun ana bincikenta, ko da iyaye sun tabbata allura ce sanadi.