Yadda ake duba daftarin farko na muƙalar ɗalibi

Da farko ka ajiye jan biro. Karanta muƙalar daga farko har ƙarshe ba tare da ka taɓa ko wasali ɗaya ba.

Na biyu, nemo jimlar da ke ɗauke da jigon, ka ja layi a ƙarƙashinta. Sau da yawa can za ka tarar da ita a sakin layi na ƙarshe, domin sai da ɗalibin ya kusa gamawa sannan ya gane inda ya dosa. Rubuta masa a gefe: "Daga nan ya kamata ka fara." In babu ita sam, to nan aikin yake.

Na uku, a gefen kowane sakin layi ka rubuta abin da ya ƙunsa da kalma uku ko huɗu. Wanda ya ƙi taƙaituwa, batu biyu aka cusa masa.

Sai ka zaɓi manyan matsaloli 2 kacal ka yi bayaninsu a ƙasan takardar. Na san hannu zai yi ta ƙaiƙayi, ka daure. Takardar da ta sha jan biro kamar an yanka kaza a kanta, ninke ta ɗalibi yake yi ya cusa a jaka.

Kurakuran ƙa'idar rubutu kuwa, gyara na sakin layi ɗaya, ya nemo sauran da kansa.

Kada ka sa maki tukuna. Ba shi mako 1 ya kawo sabon daftari haɗe da tsohon.