Darasi na 7: Kayan Aikin Sauya Boris na Ƙafar Babur

Duk mai babur a Damagaram ya san abin da rairayi ke yi wa ƙafa. Ɗan kabu-kabun da ke yini tsakanin Kasuwar Dole da Birni, ya ƙara da lodin Miriya ran kasuwa, ba ya daɗewa bai ji ƙafar gaba ta fara gurnani ba. Sau da yawa boris ne ya ci. Makanikai da dama a nan rulma suke ce masa, daga Faransanci. Abu ɗaya ne.

Ku kafa babur a kan ƙarfen tsayuwarsa na tsakiya, taya ta bar ƙasa. Ku kama ta sama da ƙasa, ku girgiza. In ta yi wasa gefe da gefe, ko kuka juya ta kuka ji kamar ana niƙa tsakuwa, boris ya mutu.

Boris zobba biyu ne na ƙarfe, babba a waje, ƙarami a ciki, da ƴan ƙwallaye a tsakaninsu. Zoben waje yana matse cikin cibiyar ƙafa, sandar ƙafa kuma ta cikin ƙaramin take ratsawa. Kowace ƙafa boris biyu ke gare ta, da ɗan bututun ƙarfe a tsakaninsu. A yawancin babura akwai na uku a baya, inda faifan haƙoran sarƙa yake.

Karanta lamba kafin a je kasuwa

A nan karatunmu zai yi mana rana. Ku goge gefen tsohon boris da tsumma, za ku ga lambobi huɗu, kamar 6301 ko 6202. Biyun ƙarshe ke faɗin girman ramin ciki: 00 milimita 10 ne, 01 milimita 12, 02 milimita 15, 03 milimita 17. Daga 04 sai a ninka sau 5, wato 04 milimita 20 ke nan.

Amma rami ɗaya ba ya nufin boris ɗaya. 6201 da 6301 duk raminsu milimita 12 ne, sai dai faɗin na farko 32, na biyu 37. Wanda ya kai wa mai shago ramin kawai, zai iya komowa da abin da zai yi lilo cikin cibiya. In kuka ga 2RS bayan lambar, roba ce ta rufe shi gefe biyu. ZZ kuwa murfin ƙarfe ne. Don ƙurar hunturu irin tamu, da ruwan damina, ni dai mai roba nake zaɓa. SKF ta Suwidin da NSK, NTN da Koyo na Japan sanannu ne, shi ya sa ake buga jabunsu. Rubutu a kwali bai isa shaida ba. Ku juya boris ɗin a yatsa, mai kyau sumul yake tafiya, ba ya kakkaɓewa.

Fitar da tsoho

Ku kwantar da ƙafar a kan katako biyu, kada faifan birki ya taɓa ƙasa. Ku ɓamɓare robar tare ƙura. Ku leƙa da kyau, wasu cibiyoyin suna da siririn zoben kulle mai ƴan huda biyu a bakinsa. Yana da filayarsa mai tsinin baki. In ba a cire shi ba, ko yini aka yi ana duka boris ba zai motsa ba.

Akwai ƙarfen da aka ƙera don wannan aiki. Gunduwa ce mai tsagaggen baki, da doguwar sanda mai kai kamar kurfi. Ana zura gunduwar cikin ƙaramin zobe, a juya ƙafar, a shigar da sandar ta ɗaya gefen, a buga ta cikin tsagar. Bakin ya buɗe, ya cije zoben ta ciki. Duka uku ko huɗu, sai boris ya faɗo da gunduwar tare. Mai saye ya lura da girma: gunduwar 12 ba ta kama ramin 15. Mai gyaran ƙananan babura irin su Kasea da Boxer, 10, 12, 15 da 17 sun wadace shi.

Wanda ba shi da ita, sandar ƙarfe mai lafiyayyen baki ta isa. A ture bututun tsakiya gefe kaɗan har bakin zobe ya bayyana, a buga dama, a buga hagu, ana zagayawa. In gefe ɗaya aka nace wa, boris zai karkace ya ci cibiya, kuma cibiyar alminiyom ba ta da wuyar ci. Boris ɗin da aka fitar da duka ba ya komawa, ko da kyansa a ido.

Shigar da sabo

Nan ne ake ɓarna. Na taɓa tsayawa a wani garaji a Sabon Gari, yaron shago ya ɗora sabon boris, ya sa bakin sanda a zoben ciki, ya ɗaga guduma. Maigidansa ya riƙe masa hannu.

"Kai yaro, ina kake duka?"

"Tsakiya, Baba, don ya shiga daidai."

"To ƙwallayen ka doka ke nan. Sati biyu mai shi zai komo yana zagina."

Gaskiyar tsohon ce. Zoben waje shi ne ke matsewa cikin cibiya, don haka shi kaɗai ake bugawa. Duk dukan da ya sauka a zoben ciki, ta kan ƙwallaye yake bi, su kuma su lotsa hanyar da suke gudu a kai. Ido ba ya ganin lotsawar, amma a kan hanya kunne zai ji ta.

Abin bugawa na gaskiya faifai ne na alminiyom mai mariƙi, girma daban-daban. Ana zaɓen wanda ya gaza faɗin boris da ɗan kaɗan, ya hau zoben waje, bai gogi bangon cibiya ba. Ga 6301 mai faɗin 37, sai a nemi na 36. Kan kile mai rami, irin wanda ake kwance manyan notuna da shi, yana yin aikin in faɗinsa ya dace. Wasu kuma tsohon boris suke kai wa mai walda ya ɗan rage gefensa a dutsen washi don kada ya maƙale, ya zama abin bugawa kyauta. Wanda ya fi kwantar mini da hankali shi ne doguwar sanda mai zare, da washa masu kauri, wato ƴan fayafayan ƙarfe masu huda a tsakiya, da noti biyu. Ana ɗaurewa a hankali, boris na nutsewa, babu duka ko ɗaya.

Zafi ma kayan aiki ne. Alminiyom yana buɗewa kusan ninki biyu na ƙarfe in ya ji wuta. A shanya cibiya a ranar bazara, ko a kwarara mata tafasasshen ruwa a goge ta bushe. Boris kuma a ƙulle shi a leda, a ba mai sayar da ƙanƙara ya ajiye rabin awa. Kada dai a kai cibiya bakin wutar walda.

A shafa giris kaɗan, a sa boris lambarsa na kallon waje. Ku saurari guduma: in ya kai gindi, ƙarar takan sauya ta yi ƙarfi. Sai a juya ƙafar, a sa bututun tsakiya. Ana manta shi fiye da yadda kuke zato, kuma in babu shi, ɗaure notin sanda kaɗai ya isa ya kashe boris biyun. Na biyu ana shigar da shi har ya taɓa bututun, a tsaya. Ku zura yatsa ku juya, ya kamata duka su juya tare ba nauyi. A mayar da zoben kulle da sabuwar roba.

Aikin gida

Ku roƙi tsohon boris ɗaya a garajin unguwarku. Ku rubuta lambarsa a littafi, ku faɗi girman raminsa, sannan ku auna faɗinsa da rula. Ku zo da shi aji mai zuwa, za mu ɓalle robar mu ƙirga ƙwallayen.