Yadda Za Ka Rage Kashe Kuɗi a Gida Ba Tare da Ka Ƙuntata wa Iyalinka Ba

Yawancin masu niyyar tattali suna fara ne da ɗan abin da ke faranta musu rai. A daina sayen kayan ƙwalama, a hana yara ɗan abin marmari, a yi ta kashe fitila ana zaune cikin duhu. Kafin wata ya raba kowa ya gaji, an koma gidan jiya, kuma kuɗin da aka tsira da su ba su taka kara sun karya ba. Hanyar da ta fi ɗorewa ita ce ka nemo abubuwan da suke cin kuɗinka a kai a kai, kowane mako ko kowane wata, ka gyara su sau ɗaya, sannan gyaran ya ci gaba da yi maka aiki ko ka manta da shi. Ga yadda za ka bi abin daki-daki.

Mataki na farko: rubuta komai na wata guda

Kada ka rage komai tukuna. Samu ƙaramin littafi ko ka buɗe wurin rubutu a wayarka, duk abin da ya fita daga aljihunka ka rubuta shi a ranar, komai ƙanƙantarsa. Idan gidan na mutum biyu ne masu kashe kuɗi, kowa ya rubuta nasa, kuma a yi alkawari tun farko cewa ba za a mai da littafin abin gori ba. Da zarar ya zama na tuhuma, ɗaya zai fara ɓoyewa, lissafin ya lalace.

A ƙarshen wata ka kasa abin da ka rubuta gida-gida: abinci, haya, wuta da ruwa, sufuri, waya, makaranta, lafiya, biyan bashi, sai sauran tarkace. Ka jera su daga babba zuwa ƙarami. Ukun da ke sama nan ne aikinka yake. Rage kashi 10 cikin 100 daga abin da ke cin rabin samunka ya fi soke wani ɗan abu gaba ɗaya wanda kashi 2 kawai yake ci.

A gidaje masu ƙaramin ƙarfi kusan kullum abinci ne ke kan gaba. Wani masanin ƙididdiga Bajamushe, Ernst Engel, ya lura da haka tun a 1857: iya ƙarancin samun iyali, iya girman kason da abinci ke ɗauka a cikinsa. Shi ya sa tsarin nan da ake yawan ambata na 50/30/20, wato rabi ga buƙatun dole, kashi 30 ga abubuwan sha'awa, kashi 20 ga ajiya, wanda Elizabeth Warren, wata 'yar siyasar Amurka, da 'yarta suka yayata a 2005, bai dace da kowa ba. Wanda buƙatun dole suka riga suka cinye masa kashi 80 ba shi da inda zai samo wannan 30 ɗin. Lissafinka na wata guda ya fi kowane tsari na aro faɗa maka gaskiya.

Mataki na biyu: fara da bashi mai ruwa

Idan akwai bashin da ake ɗora masa ruwa, shi ne ramin da ya fi zurfi a gidan, kuma shi za a fara cikewa. Masu ba da rance, musamman na manhajojin waya, sun fi son faɗin kuɗin ruwa na wata saboda ya fi daɗin ji. Kashi 5 cikin 100 a wata kamar ba komai ba ne, amma idan ana ɗora ruwa a kan ruwa, a shekara ya kusa kashi 80. Babu wata dabarar cefane da za ta mayar maka da wannan asarar. Jera basukanka, ka ci gaba da biyan mafi ƙarancin abin da aka wajabta a kowanne don kauce wa tara, duk rarar da ka samu kuma ka zuba ta a kan wanda ruwansa ya fi tsada har ya mutu, sannan ka koma na biye da shi.

Mataki na uku: cefane da ɗakin girki

A nan ya kamata a daɗe, domin a nan kuɗi suka fi zurarewa ba tare da an ji ƙararsu ba. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 an zubar da abinci sama da tan biliyan 1 a duniya, kuma kusan kashi 60 cikin 100 na wannan ɓarnar a cikin gidaje aka yi ta, ba a otal ko kanti ba. Rahoton ya kuma nuna cewa ba ƙasashe masu arziki kaɗai abin ya shafa ba. Duk abincin da ya tafi bola an biya kuɗinsa, an biya makamashin dafa shi, wani kuma ya ɓata lokacinsa a kai.

Kafin ka fita cefane, buɗe firji da ma'ajiyar abinci ka ga abin da ya rage. Tsara abin da za a ci na kwana biyar ko bakwai ta yadda abin da ke kusa da lalacewa zai fara shiga tukunya, sannan ka rubuta abin da babu. Ka tafi da takardar, kuma kada ka tafi da yunwa, don mai jin yunwa komai ya gani kyau yake masa.

A wurin saye, daina kallon kuɗin da ke jikin kaya, kalli nauyinsa. Mun saba ɗauka cewa babban fakiti ya fi araha, kuma sau da yawa haka ne, amma ba kullum ba. A ce ƙaramin gram 400 ne, babban gram 750, kuɗin babban kuma ya ninka na ƙaramin daidai. Ƙanana biyu za su ba ka gram 800 a kuɗi ɗaya. Akwai kuma dabarar da kamfanoni ke yi idan kaya sun yi tsada: su bar farashi yadda yake, su rage abin da ke ciki, leda ko gwangwanin kuma girmansa bai canja ba. Wanda ke duba nauyi ne kaɗai yake ganewa.

Sayen sari yana da amfani ga abin da ba ya lalacewa da wuri kuma tabbas za a yi amfani da shi, irin su hatsi, sabulu da man girki. Idan kuɗinka ba su kai ba, ku haɗa da maƙwabta ko 'yan uwa ku saya ku raba. Amma akwai tarko biyu. Abin da ke ruɓewa idan ka saye shi da yawa don rangwame, rabin da ka zubar ya cinye rangwamen. Na biyu kuma, gidan da aka ga kaya jibge hannu yakan yi nauyi wajen ɗiba. Maganinsa a ware na mako a ƙaramin mazubi, a rufe sauran.

Ka koyi bambance kwanan wata iri biyu da ake bugawa a jikin kayan abinci. Akwai wanda ke nufin kada a ci bayan wannan rana, ana sa shi a kan abin da ke saurin lalacewa kamar ɗanyen nama, kuma ba a wasa da shi. Akwai wanda ke nufin ingancin abin ya fi kyau kafin ranar kawai. Busassun kaya da aka adana da kyau sau da yawa lafiyarsu ƙalau bayan ta wuce. Firji ya tsaya a digiri 5 ko ƙasa da haka, firiza a digiri 18 ƙasa da sifili. Ragowar abinci a juye shi a ƙananan mazubai masu murfi a ajiye a gaba, inda ido zai gan shi, don wanda aka tura can baya sai warinsa ne zai tuna maka da shi.

Wajen girki kuma, rufe tukunya, rage wuta da zarar ta tafasa (ruwan da ke tafasa ba ya ƙara zafi don ka ƙara masa wuta, ƙonewa kawai yake yi), jiƙa busassun kaya masu tauri tun dare, kuma a dafa abin da za a ci sau biyu a lokaci ɗaya.

Mataki na huɗu: wuta da ruwa

Ka'idar mai sauƙi ce: duk abin da ke zafafawa ko sanyayawa shi ne ke shan wuta. Dutsen guga, hitar ruwa, murhun lantarki, na'urar sanyaya ɗaki, firji. Cajar waya ba ta cikin lissafi idan aka kwatanta da su. Duba jikin kowace na'ura za ka ga an rubuta yawan wat ɗinta. Ninka shi da awannin da take aiki, ka raba da 1,000, ka samu yunit ɗin da mita ke ƙirgawa. Dutsen guga mai wat 1,000 a awa ɗaya ya sha yunit guda, abin da ƙwan LED mai wat 9 zai yi sama da awa 100 kafin ya sha. Saboda haka tara guga a yi ta lokaci ɗaya ya fi amfani nesa ba kusa ba a kan faɗan wa ya bar fitilar bayi a kunne.

Idan har yanzu akwai tsofaffin ƙwayaye masu zafi a gidan, canja su. Mai wat 60 da ke ci awa 5 kullum yana shan yunit 9 a wata; na LED mai haske kamarsa bai kai yunit ɗaya da rabi ba, kuma ya fi shi daɗewa ninkin-ba-ninkin. Firji a matsar da shi daga bango da murhu, a duba robar ƙofarsa: maƙala takarda ka rufe, in ta zare ba wahala to sanyi na fita. Mai injin wanki ya yi amfani da ruwan sanyi, domin mafi yawan wutar da injin ke sha wajen ɗumama ruwa take tafiya.

Famfon da ke ɗiga sau ɗaya kowane sakan yana zubar da sama da lita 11,000 a shekara, bisa lissafin hukumar kare muhalli ta Amurka. Galibi 'yar roba ce ta cinye a ciki.

Mataki na biyar: abubuwan da ke cirar kuɗi da kansu

Buɗe bayanan asusunka na banki na wata uku, ka bi su layi-layi. Nemi duk wani abu da ake cira kai tsaye: manhajar da ka yi rajista don gwaji ka manta, tashoshin kallo da ba wanda ke buɗewa, sabis na waya da ba ka san ranar da ka shiga ba. Soke su a zama ɗaya. A wayar kuma, hana bidiyo kunna kansa a Facebook da makamantansa, hana WhatsApp sauke hotuna da bidiyon zaure sai ka taɓa, sannan ka sayi data ta wata maimakon ta kullum idan lissafi ya nuna ta fi sauƙi.

Mai abin hawa ya riƙa duba iskar taya, don taya mai saƙo-saƙo tana ƙara shan mai kuma tana saurin cinyewa, ya kuma haɗa aike uku a fita ɗaya. Canjin baƙin mai a kan lokaci ba wurin tsimi ba ne. Haka ma magani: ba a rage adadin da likita ya rubuta don a yi tattali. Abin da za ka iya yi shi ne ka tambayi mai harhaɗa magunguna ko akwai mai sinadari iri ɗaya da ba shi da babban suna. Panadol, alal misali, farasitamol ne a ciki. Sharaɗin kawai ya zama mai rajista, daga kanti mai lasisi.

Mataki na shida: saka wa hannunka birki

A 2001 wasu malamai biyu na jami'ar MIT a Amurka, Drazen Prelec da Duncan Simester, sun buga sakamakon wani gwaji da aka yi gwanjon tikitin kallon wasan ƙwallon kwando. Waɗanda aka ce za su biya da katin bashi sun taya kusan ninki biyu na waɗanda aka ce za su biya da tsabar kuɗi. Kuɗin da ba ka ƙirga da hannu ba, fitarsu ba ta yi maka zafi. Don haka a ɓangaren da ka san kana zarcewa, ware kuɗin mako tsaba a ambulan, in sun ƙare sai mako mai zuwa. Cire lambar katinka daga manhajojin sayayya ta yadda sai ka tashi ka ɗauko shi. Abin da ba na dole ba kuma ka ba shi kwana biyu, babba ka ba shi wata guda. Da yawa daga cikinsu sha'awarsu za ta mutu da kanta.

Garabasa ba riba ba ce sai idan dama abin yana cikin takardarka. A ɗaya gefen kuma, araha ba ta ado: takalmi, katifa, tukunya, duk abin da ake mora kullum, raba kuɗinsa da tsawon lokacin da zai yi maka kafin ka yanke wanne ne mai tsada. Kayan hannu masu kyau sukan fi sabon banza, ban da abin da ya shafi tsaron rai kamar hular kwano.

Mataki na bakwai: kwashe rarar kafin ta narke

Kuɗin da ka tsirar idan ka bar su a aljihun da kake kashewa, wani abu zai cinye su ba ka sani ba. Ranar da samu ya shigo, kafin a taɓa komai, tura wani kaso zuwa asusu na daban wanda babu katinsa a jikinka. Fara da abin da ba zai gagare ka ba, ko kashi 3 ne, ka ƙara duk lokacin da wani bashi ya mutu ko ka soke wani sabis.

Sai manyan buƙatun da ke zuwa sau ɗaya ko biyu a shekara: haya, kuɗin makaranta, sabunta takardun mota, gyaran rufi. Kowa ya san ranar zuwansu, amma su ne suka fi tura mutane cin bashi. Tara jimillarsu, raba da 12, ka riƙa ajiye wannan adadin kowane wata daban da ajiyar ko-ta-kwana. Bayan wata uku sake yin rubutun nan na matakin farko na tsawon wata guda, ka ɗora shi kusa da na baya, ka ga wane ɓangare ne ya sauko, wanne ne ya koma sama.