Darasi na 9: Gano Manhajar Satar Rubutu a Kwamfuta da Kawar da Ita

Akwai wata manhajar leƙen asiri da aikinta ɗaya ne tak: duk harafin da kuka danna a allon madannai, sai ta kwafe shi ta ajiye. Lambar katin banki, kalmar sirri ta imel, har saƙon da kuka rubuta kuka goge kafin ku aika, duk suna shiga kundinta. Lokaci-lokaci sai ta tattara ta aika wa wanda ya dasa ta. Masana kwamfuta na kiranta keylogger, mu kuma a wannan darasi za mu kira ta manhajar satar rubutu.

Dabarar ta girmi intanet. A 1984 Amurkawa suka gano ƙananan na'urori ɓoye a cikin tafiretocin IBM na ofishin jakadancinsu da ke Mosko, waɗanda suka shafe shekaru suna isar wa Tarayyar Sobiyet abin da ake bugawa. Yau ɓarawon ba ya buƙatar shiga ofishin kowa. Manhajar Zeus, wadda aka gano a 2007, ta kwashe bayanan banki na ɗimbin mutane, sannan Agent Tesla, wadda ke yawo tun 2014, takan zo ne a liƙe da imel mai kama da takardar neman biyan kuɗi. Sauran ƙofofin su ne manhajojin sata da ake saukewa kyauta, da saƙon ƙarya da ke cewa a sabunta burauza, da kuma mutumin da ya samu minti biyar shi kaɗai a gaban kwamfutarku.

Ku fara da bayan kwamfutar

Kafin ku taɓa wani maɓalli, ku bi wayar allon madannai da hannu har inda ta shiga jikin kwamfuta. Akwai na'urar satar rubutu da ba ta fi tsawon gaɓar yatsa biyu ba, mai kama da filashi ko mahaɗin waya, wadda ake maƙalawa tsakanin kan wayar da ramin USB. Duk abin da aka buga sai ya ratsa ta cikinta. Wannan babu antibairos ɗin da zai gan ta, domin ba ta zauna cikin Windows ba. Ido ne kawai maganinta. Idan kwamfutar wurin aiki ce, kada ku jefar da ita. Ku ɗauki hotonta yadda kuka same ta, ku kai wa mai kula da kwamfutocin wurin.

Alamomi

Gaskiyar magana, wadda aka ƙera da kyau ba ta nuna kanta. Ana yawan ambaton jinkirin fitowar haruffa bayan an danna su, ko nauyin kwamfuta, amma tsufan na'ura da cikar ma'ajiya ma suna kawo haka. Alamun da suka fi ƙarfi daga waje suke zuwa: sanarwar cewa an shiga imel ɗinku daga wata na'ura, kuɗi sun fita ba da saninku ba, ko antibairos ya kashe kansa ya ƙi kunnuwa. Mafi muni ita ce ku sauya kalmar sirri yau, gobe a sake shiga da sabuwar. Idan haka ta faru, to wani yana karanta abin da kuke bugawa.

Bincike a Windows

Da farko ku katse intanet: ku zare wayar sadarwa, ku kashe Wi-Fi. Manhajar za ta ci gaba da kwafe rubutu, amma ba ta da hanyar fitar da shi. Daga wannan lokaci kada ku buga wata kalmar sirri a kan kwamfutar.

Ku danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, wato tagar da ke jera manhajojin da ke aiki a kwamfutar a wannan lokaci. Sunayen da za ku gani suna da yawa kuma baƙi ne, to kada ku firgita ku fara kashe su barkatai. Abin dubawa shi ne mazaunin fayil. Ku ɗora linzami kan sunan da kuke zargi, ku danna ɓangaren dama, ku zaɓi Open file location. Misali, svchost.exe na gaskiya, wanda fayil ne na Windows kanta, yana zaune ne a C:\Windows\System32, kuma ganinsa da yawa a jere ba laifi ba ne. Amma idan wani svchost ya kai ku jakar Temp ko AppData, ko kuka lura an rubuta shi svch0st, da sifiri a gurbin harafin o, to kun kama zaren. Ɓarayin suna son jakar AppData ne saboda ana iya ajiye fayil a cikinta ba tare da izinin mai cikakken iko da kwamfutar ba.

Sai ku shiga sashen Startup, wanda ke nuna manhajojin da ke tashi tare da kwamfuta. Manhajar satar rubutu dole ta farka duk lokacin da aka kunna na'ura, in ba haka ba aikinta ya mutu, don haka nan ne rauninta. Duk wadda ba ta da sunan kamfanin da ya yi ta, kuma ba ku san lokacin da kuka sa ta ba, ku rubuta sunanta a takarda ku danna Disable. Jerin Task Manager bai cika ba. Autoruns, manhajar kyauta ta Microsoft, tana tono sauran maɓoyai, har da ayyukan da aka tsara su tashi da kansu a Task Scheduler. Ku sauke ta a wata kwamfuta mai tsafta ku kawo ta a filashi.

Kada ku manta da burauza. Ƙarin manhajar da aka liƙa wa Chrome ko Edge ko Firefox, idan an ba ta izinin karanta dukkan shafuka, tana iya ganin duk abin da kuka cike a fom. Ku buɗe sashen Extensions ku cire duk wadda ba ku sani ba.

Cirewa

Goge fayil da hannu ba kasafai yake wadatarwa ba. Da yawansu suna ajiye kwafi na biyu da ke dawo da na farko, wasu kuma suna ɓoye kansu daga antibairos muddin Windows na aiki. Shi ya sa binciken da ya fi dacewa shi ne wanda ake yi Windows tana kwance:

1. Ku mayar da intanet na ɗan lokaci, ku sabunta bayanan tsaro a Windows Security, wato manhajar tsaro da ke zuwa tare da Windows, sannan ku sake katsewa. Antibairos mai tsohon jeri ba ya gane sabon ɓarawo.
2. A cikin Windows Security, ku shiga Virus & threat protection, sai Scan options, ku zaɓi binciken Microsoft Defender Offline, ku danna Scan now. Ku adana aikinku tukuna, domin kwamfutar za ta kashe kanta ta tashi. Binciken yakan ɗauki kamar minti 15, kuma idan laftof ce a jona ta da wuta.
3. Da ta dawo, ku duba Protection history ku ga abin da aka kama, sannan ku yi Full scan. Wannan yana iya haura awa ɗaya.
4. Ku ƙara da bincike na biyu da wata manhaja daban, kamar Malwarebytes, wadda aka sauke daga shafin kamfanin kai tsaye. Abin da ya kuɓuce wa ɗaya, ɗayar takan kama shi.

Idan wani fayil ya ƙi goguwa, ku riƙe Shift ku danna Restart, ku bi Troubleshoot, Advanced options, Startup Settings, ku sake Restart, sannan ku danna 4. Wannan shi ne Safe Mode, inda Windows ke tashi da abubuwan dole kawai, kuma galibin manhajojin ɓarna ba sa farkawa. Ku yi hattara da tallan da ke faɗowa kan allo yana cewa an gano ƙwayoyi ɗari a kwamfutarku, ku danna nan. Sau da yawa shi kansa tarko ne.

Idan abin ya dawo bayan duk wannan, ko kuwa kwamfutar ce ake harkar kuɗi da ita, shawararmu ita ce a daina faci. Ku kwashe takardu da hotuna kawai, ban da fayilolin da suka ƙare da .exe, sannan a goge komai a sake ɗora Windows daga tushe. Wahalar yini ɗaya ce, kuma ita ce hanyar da hankali zai fi kwanciya da ita. Mai amfani da Windows 10 ya sani cewa Microsoft ta kawo ƙarshen tallafinta na yau da kullum a ranar 14 ga Oktoba, 2025, don haka wannan dama ce ta komawa Windows 11 idan na'urar za ta ɗauka.

Kalmomin sirri

A nan mutane suka fi yin kuskure. Cire manhajar ba ya dawo da abin da ta riga ta aika. Kalmomin sirrinku suna hannun wani. Kuma wanda ya yi gaggawar sauya su a kan kwamfutar da ba a wanke ba, ya miƙa sababbin ne da hannunsa. Ku yi amfani da waya ko wata kwamfuta da kuka amince da ita. Ku fara da imel, domin ta cikinsa ake sake saita kalmar sirrin sauran asusai, sannan banki, sannan shafukan sada zumunta. A kowane asusu ku zaɓi fitar da dukkan na'urorin da ke ciki, ku duba ko an sauya lambar waya ko imel na dawo da asusu, ku kuma tabbatar ba a saita tura kwafin wasiƙunku zuwa wani adireshi ba. Ku kunna tabbatarwa mai mataki biyu, yadda kalmar sirri kaɗai ba za ta buɗe ƙofa ba. Idan kun taɓa buga lambar kati a kwamfutar, ku kira bankinku a toshe katin a ba ku sabo.

Wasu na cewa allon madannai da ke bayyana a fuskar kwamfuta, wanda ake dannawa da linzami, yana kare mutum. Kariyarsa kaɗan ce. Yana kauce wa na'urar da aka maƙala a waya, amma manhajoji irin su Agent Tesla suna ɗaukar hoton allo, suna kuma kwafe abin da aka kwafa don liƙawa.

Aikin aji

Kowane ɗalibi ya buɗe Task Manager, ya zaɓi sunaye uku, ya nemo mazaunin fayil ɗin kowanne, ya rubuta a littafinsa. Sannan ya rubuta duk abin da ke cikin sashen Startup, ya sa alama a kan waɗanda bai gane ba, ya kawo wa malami kafin ya kashe ko ɗaya.