Babi na Bakwai: Ɗafa-Goshi a Kalmomin Turanci

Darasi na 1

Kafin mu taɓa Turanci, ku faɗi waɗannan da baki: noma, manomi. Ɗinki, maɗinki. Kano, Bakano. Kun ji abin da aka liƙa a gaba? Shi malaman Hausa ke kira ɗafa-goshi, domin a goshin kalma yake zama. Ashe tun kafin ku riƙe fensir kuke aiki da shi. Turanci ma yana da nasa, kada gabanku ya faɗi.

Mu fara da un. Ana furta shi kamar "an". In ya hau gaban kalma sai ya juya ma'anarta. Lock kullewa ne, unlock buɗewa. Paid an biya, unpaid ba a biya ba. Duk wanda ya ga unpaid a takardar kuɗin wuta ya san akwai bashi a wuyansa.

Ga inda ake yawan tuntuɓe, sai ku natsu. Ku ɗora ɗan yatsa a kan haruffa biyun farko, ku rufe su ruf, ku karanta abin da ya rage. A unlock, saura lock. Kalma ce? Kalma ce. To, un ɗin nan ɗafa-goshi ne. Yanzu ku gwada uncle. Ku rufe un. Saura cle, kuma babu wata kalma cle. Saboda haka uncle kawu ne ko baffa, ba a juya komai ba. Ku sake da under. Yatsa tukuna, sannan karatu. Saura der, ba kalma ba ce. Under na nufin ƙarƙashi. Madalla, haka ake yi. Ku sake tun daga unlock, sau uku.

Ina ganin wasu a aji suna jin nauyin sa yatsa, wai kada a ce yara ne. Haba jama'a! Da yatsan nan kuke ƙirga kuɗi a kasuwa, ba wanda ya yi muku dariya. Masu ƙin rufewa su ne kullum ke faɗuwa a uncle, na gaji da gyara shi.

Darasi na 2

Re na nufin sake. Kun san recharge a jikin katin waya, wato sake loda kuɗi. Write rubuta, rewrite sake rubutawa. Amma rent fa? Ku rufe re. Saura nt. Rent kuɗin haya ne kawai. Na ce ku rufe, ban ce ku yi cinke ba.

Darasi na 3

Pre na nufin kafin. Haruffa uku ne, sai a rufe uku. Mitar prepaid ita ce wadda ake biya kafin a sha wuta.

Ɗafa-goshin in yakan zo da ma'anar "ba": correct daidai, incorrect ba daidai ba. Sai dai akwai inflammable da ake rubutawa a jikin tankar mai. Nan yatsa ba zai cece ku ba. Ma'anarta abu mai saurin kama wuta, daidai da flammable. Ku haddace ta, kada wani ya kunna ashana kusa.

Darasi na 4

Mis kuskure ne: use amfani, misuse amfani ba bisa ƙa'ida ba. Dis ma juyawa yake yi: connect haɗawa, disconnect yankewa.

Aikin gida: ku nemo kalmomi biyar masu ɗafa-goshi a jikin kwali ko allon talla, ku rubuto su.